Allon Da Aka Cire Daga Ƙungiya

An kashe Ochai ranar Juma'a da rana, kuma kafin a kira la'asar an riga an kama wanda bai kashe shi ba.

Ochai shi ne mai ba da magani a wani asibitin kuɗi da ke unguwar Bolewa. Mutumin Binuwai ne, ya daɗe a Potiskum har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Masu dawowa daga masallaci ne suka tsinci gawarsa a lungun bayan asibitin, daidai bakin ƙaramar ƙofar baya.

A shekarun nan ba a tsayawa tambayar wa ya kashe mutum. Kirista ne, ranar Juma'a ce, to magana ta ƙare, yaran daji ne. Haka 'yan unguwa suka ce, haka DPO ya ce. Abin da ya rage a nemo wanda ya buɗe musu ƙofa, tunda ba a fasa kwaɗo ba. Maigadi ke riƙe da makulli. Modu sunansa, Babarbare ne da ya gudo daga gabas da mata da 'ya'ya, Hausarsa ma ba ta gama miƙewa ba. Aka jefa shi bayan kanta.

Insifeta Lawan aka miƙa wa fayil, aka ce ya rufe. Akwai wata mota mai rufin tamfol da ke zuwa kwasar irin su Modu ta yi Damaturu da su. Ba ta da rana. In ta zo ta zo. Wanda ya hau ta kuwa, iyalinsa ba sa ajiye masa tuwo.

Lawan bai ji komai ba. Ya kwashi gawa a kasuwa, ya kwasa a tasha, ya kwasa a makaranta, tun yana kasa cin abinci har ya zamana yana wanke hannu ya ci. Ya je ɗakin ajiye gawa ne kawai don takarda tana bukatar a ce ya je.

Ya ɗaga zanen ya duba. Babu harsashi, babu yanka. Bayan kai ne ya fashe, duka ɗaya. Ya duba ƙafa. Diddigen duka biyu sun sale, ƙasa ta shiga ciki.

Jan gawar nan aka yi. Yaran daji kuwa ba sa jan gawa. Inda suka kashe nan suke bari, don so suke a gani.

Ya mayar da zanen. Bai so ya gani ba, amma ya riga ya gani.

Da ya koma ofis ya sa aka fito masa da Modu. Mutumin ya durƙusa, leɓensa a kumbure. Ya ce shi masallaci ya tafi, makullinsa yana ɗaure a ƙugunsa, nan aka kwance shi da aka kama shi. Ya rantse, ya sake rantsewa. Lawan ya saba da rantsuwa, bai ko ɗago ba.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu, yallaɓai."

"Ɗayan fa?"

"Manaja."

Washegari da hantsi Lawan ya tafi asibitin da kofur ɗaya. Likitan da ya gina wurin ya kwashe iyalinsa ya koma Kano tun da abubuwa suka yi zafi, ya bar wa ƙanin matarsa riƙo. Shi ne manaja, Babaji. Mutum ne mai tsafta, farar shadda, carbi a hannu. Ya tarbe su da ruwan sanyi, ya ce Ochai ɗan'uwa ne a wurinsa, ya ce shi tun jiya bai runtsa ba. Idonsa ya nuna hakan.

Lawan ya tambaye shi makulli. Ya ce nasa ya ɓata tun bara. Ya tambaye shi inda yake lokacin da abin ya faru. Ya ce masallaci, kamar kowa.

Lawan ya nuna kyamarar da ke maƙale a saman ƙofar baya. Bayan bam ɗin da ya tashi kusa da su ne likita ya sa aka kafa su, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ɗaya a tsakar gida.

"Hoton jiya fa?"

"Sun tafi da rikodar da ke ajiye hoton, ranka ya daɗe. Ga wurinta nan."

Da gaske wurin fayau yake. A kan wata kanta a kusurwar ofishin sai shacin ƙura da waya tana lilo. Sama da nan kuma wani akwatin ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, wayoyi shuɗaye sun shiga cikinsa a jere, kowace da 'yar fitilarta koriya. Fitilun duka suna ƙiftawa tare, da sauri, ba hutu.

Lawan ya dubi ƙofar ofishin. Lafiyarta ƙalau. Wato mutanen sun shigo ta baya, sun ratsa tsakar gida, sun wuce ɗakin magani ba su taɓa ko kwali ba, sun zo nan sun ɗauki rikoda sun fita. Babaji ya ce ai shi ba ya kulle ofis. Lawan ya ce to.

Ranar Juma'a da rana mata ne kawai da Kiristoci ke saura a asibitin. Nas ɗin da ke bakin aiki jiya Celina ce. Ya same ta a baranda tana naɗe bandeji. Ta ce tana ɗakin nas-nas, ba ta ji komai ba, ba ta ga komai ba. Ya ce an ce akwai allon kallon kyamara a ɗakinsu. Ta ce ya daɗe da mutuwa, watanni. Duk maganar nan bandejin take kallo.

Yana hanyar fita sai ya ji Ramlat, mai karɓar kati, tana faɗa da kwamfutarta. Wai tun jiya da rana abin ke rarrafe, sunan mara lafiya ɗaya sai ta tafi ta sha ruwa ta dawo bai buɗe ba. Ya tsaya ya tambaye ta ko da ma haka take yi. Ta ce ina, shekaranjiya ma lafiya lau.

"Wa ya haɗa muku kayan nan?"

"Wani Chollom ne. Shagonsa na kan hanyar tasha."

A lokacin an katse layukan waya a jihar gaba ɗaya, ba a kiran kowa. Kofur ya ɗauki mota ya je ya ɗauko shi. Chollom mutumin Jos ne, dogo, ya shigo da kwamfutar hannu a hammata yana zufa, don duk wanda motar 'yan sanda ta ɗauko a kwanakin nan sai da ya yi sallama da matarsa. Da ya ji aikin akwati ne sai numfashinsa ya dawo.

Lawan ya ce wa Babaji ya ɗan ba su wuri. Babaji ya fita, bai so ba.

Chollom ya jona wayarsa a akwatin, ya danna, ya karanta. Sai ya ɓata fuska.

"Oga, an ɓata min ƙungiya."

Kofur ya gyara riƙon bindiga. Ramlat, da ta leƙo da kofin shayi, ta juya da shi. A Potiskum ta lokacin kalmar nan ma'ana ɗaya gare ta, ta yaran daji.

"Ka iya bakinka," in ji Lawan. "Wace ƙungiya?"

"Ba waccan ba, Oga, don Allah. Ta hoto."

Lawan ya ja kujera ya zauna, ya ce ya yi masa bayani kamar yana yi wa wanda bai je makaranta ba, don kusan haka ne.

Chollom ya ce akwatin nan suwic ake kiransa, shi ke raba wa kowace waya abin da yake nata. Kyamara ɗaya ce a ƙofar baya, amma masu kallonta da yawa: rikoda, allon manaja, allon maigadi. Kyamarar ba ta aika hoto sau uku. Sau ɗaya take jefo shi cikin akwati, ta ce wannan na ƙungiyar ƙofar baya ne. Duk allon da ke son gani sai ya yi magana ya ce a sa shi. Akwatin na saurare, sai ya riƙe cewa wayar da ke rami kaza tana ciki, ya riƙa tura mata. Sauran ramukan ba ya damun su. Lokaci-lokaci kuma ana tambaya, wa ke nan har yanzu? Wanda ya amsa a ci gaba da ba shi, wanda ya yi shiru a cire shi.

"Kiran suna a fareti," in ji Lawan.

"Shi ke nan, Oga."

"To me ya ɓaci?"

Chollom ya nuna fitilun. Ya ce da abin na tafiya daidai, ramuka kaɗan ne za su riƙa wannan rawar. Yanzu akwatin ya daina saurare. Bai san wa ke ciki wa ke waje ba, saboda haka duk hoton da ya shigo sai ya watsa wa kowa, har kwamfutar Ramlat da ba ta roƙa ba. Shi ya sa take rarrafe, hoton kyamara uku ke cika mata waya.

Lawan ya tambayi me ke sa akwati ya yi haka. Chollom ya sosa ƙeya. Ya ce kashe shi aka yi aka kunna. Ya ce da ya tsara shi bai danna abin da ke sa ya riƙe tsarin ko an ɗauke wuta ba, ya bar shi a kan zai dawo, bai dawo ba. Bai damu ba don akwatin na kan batir, tun da aka kafa shi bai taɓa mutuwa ba. Sai an zare masa waya da hannu. Kuma akwatin na faɗin tun yaushe yake a farke.

"Tun yaushe?"

"Jiya da rana. Wajen lokacin huɗuba."

Lawan ya dubi wayar wutar. A bayan kantar take, sai wanda ya san wurin zai laluba ta. Wanda ya zare kuma ya mayar. Ɓarawon da ya zo daga daji ba ya tsayawa mayar da waya don kada kwamfutar mai kati ta mutu.

"Akwai wanda ka taɓa cirewa daga wannan ƙungiya taka?"

Chollom ya dubi ƙofa, ya rage murya. Ya ce da farko har da allon ɗakin nas-nas. Watannin baya manaja ya kira shi ya ce a cire su daga kyamarar baya, wai suna zaman kallo suna barin aiki. Bai cire waya ba, don ita ce ke kai wa kwamfutarsu. Sai ya gaya wa akwatin cewa in ramin nan ya ce a sa shi, a yi kamar ba a ji ba.

"Allon ya daina tambaya?"

"Ba ya dainawa, Oga. Bai san an hana shi ba. Kullum yana cewa a sa shi."

"Da akwatin ya manta fa?"

Chollom ya dubi wajen ɗakin nas-nas. Ya rufe kwamfutarsa a hankali.

Ɗakin nas-nas ƙarami ne, gado ɗaya, tebur, kwabar allurai. Allon na kan kwabar. An juya fuskarsa bango, an kuma yafa masa zanen gado. Lawan ya janye zanen ya juyo shi.

Ga ƙofar baya nan tar. Ga rumfar janareta a gefe, ga wata akuya tana wucewa ta lungu.

Celina na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce ta shigo ta rufe. Ta zauna a bakin gado, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Sista, mataccen allo ba a rufe masa fuska."

Ta kawar da kai daga allon.

"Akwai mutum a bayan kanta. Kin san shi. Shi ke buɗe miki ƙofa da safe."

"Yallaɓai, ni baƙuwa ce a garin nan," ta ce. "'Ya'yana biyu. In na yi magana, wa zai tsaya min?"

"Babu," in ji Lawan. "Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta faɗa, muryarta ba hawa ba sauka, kamar tana karanta sunayen magani. Tana zaune tana cin abinci sai allon da ya yi watanni baƙi ya kawo haske. Ta ɗauka Chollom ne ya gyara. Ta ga manaja ya fito daga wajen ofis da sauri, ya shiga rumfar janareta. Ya fito da baya da baya, yana jan mutum ta hammata. Ta gane rigar, ta Ochai ce. Ya ciro makulli a aljihu ya buɗe ƙofa, ya leƙa lungu, ya ja shi waje. Ya dawo ya ɗebi yashi a bokitin kashe gobara ya watsa a rumfar. Daga nan ya wanke hannu a famfo, ya fita ta gaba da dardumarsa a kafaɗa.

Ta ce ta tashi ta juya allon. Abincin ma ta ƙarasa shi, ba ta san dalili ba.

Lawan ya san dalili.

Ya je rumfar janareta ya share yashin da gefen takalmi. Abin da ke ƙasa ya bushe ya yi baƙi. Ya aika kofur ya kira Babaji, ya ce a kawo shi ɗakin nas-nas.

Babaji ya shigo yana jan carbi. Idonsa ya faɗa kan allon, yatsunsa suka tsaya.

"Wannan ai ba ya aiki," ya ce.

"Yana yi tun jiya. Kai ka gyara shi."

"Ni?"

"Ka ɗauke rikoda. Sannan ka dubi akwatin nan mai fitilu ka ce wataƙila shi ma yana riƙe hoto, bari a kashe shi ya manta. Ko ba haka ba?"

Babaji ya damƙe carbinsa.

"Ya manta kuwa. Ba ya riƙe hoto, bai taɓa riƙewa ba. Abu ɗaya ya riƙe maka, kada a nuna wa ɗakin nan ƙofar baya. Shi ya manta."

Babaji ya dubi Celina, ya dubi allon. Ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, da farar shaddarsa. Bai yi musu ba. Kamar ma ya gaji da tsayuwa ne.

Ya ce watannin baya wasu mutum biyu suka same shi a ƙofar gida bayan magariba. Suka gaishe shi da ladabi, suka faɗi sunayen 'ya'yansa, suka faɗi makarantar da kowanne ke zuwa da hanyar da yake bi. Suka ce ledar ƙarin ruwa suke so, da bandeji, da allurar ciwo. Duk Juma'a in gari ya tafi masallaci sai ya ajiye kwali a bayan ƙofa, wani mai kura ya ɗauka. Ko kwabo bai taɓa karɓa ba. Shi ya sa ya ce a cire nas-nas daga kyamarar, rikoda kuma shi kaɗai ke duba ta.

Ochai ya ga kaya na raguwa a kanta. Jiya ya laɓe a rumfar janareta ya kama shi da kwali a hannu. Ya ce zai je Kano ya gaya wa likita.

"Na roƙe shi, ranka ya daɗe. Na ce in likita ya ji, hukuma ta ji. In hukuma ta ji, ni ɗan ƙungiya ne. In na daina kuma, su za su zo. Ya ce shi ba zai zauna a inda ake yi wa masu yanka mutane magani ba. Ya juya zai tafi. Ƙarfen tayar da janareta na nan a ƙasa."

"Rikodar fa?"

"Tana cikin ramin masai. Da ƙarfen."

"Makullin da ya ɓata tun bara?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ya ajiye a kan tebur.

"Da aka kama Modu a gabanka fa?"

Babaji ya dubi ƙasa. "Na ce shi ba shi da kowa a nan. Na ce wataƙila su sake shi."

Kofur ya sa masa ankwa. Aka bi da shi ta baranda, marasa lafiya na kan benci suna kallo. Ramlat ta tambayi Chollom ko yanzu zai gyara mata kwamfuta. Ya ce zai gyara, wannan karon kuma zai sa akwatin ya riƙe.

Rana ta karkata sa'ad da suka isa ofis. Lawan ya miƙa Babaji a kanta, ya ce wa sajan ɗin da ke wurin ya fito da maigadin. Sajan bai tashi ba. Ya ce motar mai tamfol ta zo da azahar.

Lawan ya tsaya. Ya tambaya ko an gaya musu ana kan bincike. Sajan ya ce masu motar ba sa tambaya, ƙirga kai suke yi.

Ya rubuta takarda a yammacin, DPO ya sa hannu. Ya bi ta da kansa har Damaturu, ya tsaya a ƙofar da ake tsayawa. Aka ce Modu wanne, Modu ai da yawa. Aka ce ya dawo. Ya koma, aka ce an wuce da wasu gaba, ba a faɗi ina ba. Ya sake komawa, wanda ya yi magana da shi an canja masa wurin aiki.

Babaji na gidan yari yana jiran shari'a, iyalinsa sun bar gari da dare ɗaya. Celina ta ba da shaida a rubuce, ta kwashe 'ya'yanta ta hau motar kudu. An kai Ochai garinsu.

Kayan Modu na nan a ofis cikin ambulan: hula, goro rabi da ya bushe, da makullin ƙofar baya a jikin igiyarsa. Matarsa na zuwa kanta kowace safiya da goyo. Hausarta ba ta wuce kalma uku ba, su take faɗa.

"Modu yana nan?"

Sajan ya daina ɗagowa. Ita ba ta daina tambaya ba.